Abin da Akawal Ya Ci

Har zuwa kakar bara, duk wanda ya saba bin lungun su Baba Gwadabe a Limawa da sanyin safiya ya san abin da zai tarar. Da an sallame sallar asuba ba ya tsayawa hirar bakin masallaci, gaisuwa ce a tsaitsaye ya wuce barga. Kafin ya ce wa doki uffan sai ya tsuguna ya marmasa kashinsa da yatsa, don a nan yake gane yadda dabba ta kwana. Sannan ya ɗaga ƙofato ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gadon baya, ya leƙa baki. In ya gamsu sai ya ɗauko tsohuwar tiyarsa da gefenta ya lotse, ya auna gero, ya jiƙa dusa da ruwan kanwa, ya kwance damin harawa. Doki na ci, shi kuwa yana zaune a kan kifaffen turmi, littafi a cinya, yana rubuta da ajami abin da ya shiga bakin dabbar da nawa aka saye shi. Shekara talatin da huɗu yana wannan, ko ranar Sallah bai taɓa ɗaga wa littafin nan ƙafa ba.

Shi dai bai taɓa mallakar doki ba. Turaku shida ne a bayan gidansa, masu hali ke kawo masa nasu ya riƙe: 'yan kasuwa, ma'aikata masu son kilisa ran Asabar, da samari 'yan sukuwa. Su zo su hau, a ɗauke su hoto, su sauka su miƙa masa linzami ba tare da sun dubi fuskarsa ba. Kowane doki da shafinsa. Gero, dusa, harawa, allurar likitan dabbobi, maganin tsutsa, gyaran ƙofato, har igiyar dabaibayi in ta tsinke. Ƙarshen wata ya karanta wa mai doki kaf, ba daɗi ba ragi. Wani ya taɓa yi masa dariya ya ce, "Haba Baba, har kanwar naira hamsin sai an rubuta?" Ya ce, "Ta shiga cikinsa ko ba ta shiga ba?" Abu ɗaya ne ba ya cikin littafin, wato ladan hannunsa. Abin da aka miƙo masa shi yake karɓa, wani watan ma a manta.

Abin da ya fito da sunansa, ya kuma jawo masa baƙin jini wurin dillalai, shi ne turken wofi. In mutum ya zo ya ce, "Baba, doki nake so, raka ni Maigatari ka zaɓa mini," ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Sai ya sassaƙa turke ya ba shi, ya ce ya je ya kafa a tsakar gidansa, ya jingina buhu a jiki. Kwana arba'in, kullum da safe mutum zai auna tiya guda ta gero ya zuba a buhun, ya ƙulle kuɗin harawa da na dusa a tsumma ya jefa ciki, kamar dai dokin na tsaye yana jira. In kwanakin suka cika ba a taɓa buhun ba, tukunyar gida kuma ba ta ragu ba, to bismilla, a tafi kasuwa. In an taɓa, magana ta ƙare. Dokarsa guda ce, kowa a unguwar ya haddace ta: doki ba ya cin rabon yara.

Malam Misbahu, wani malamin firamare a Taura, shi ya fi kowa iya ba da labarin turken nan, don ya ɗanɗana. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya ɗauki adashi, jini na tafasa, ya zo Limawa da kuɗinsa a aljihu, aka sallame shi da guntun itace. A rana ta ashirin da uku sai ga shi yana sosa ƙeya. Albashi ya makara, matarsa ta haihu, ya ɗan ɗebi tiya uku daga buhun aka dama wa mai jego kunun kanwa.

Ya ce, "Aro na yi, Baba. Da an yi albashi zan mayar."

"Wa ka tambaya kafin ka ara?"

"Haba Baba, ai ba dokin tukuna."

"Shi ya sa ba ka ji kukansa ba. Malam, kwana uku ke nan dokinka bai ci ba. Je ka sayi tumaki."

Ran nan Malam Misbahu ya fita ko sallama babu, ya yi wata biyu yana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa hassada ce ke cin tsohon nan. Amma fa tumakin ya saya.

Kai ne, Baba Gwadabe, mai hana mutum abin da yake so don ka tsare masa abin da yake da shi. Gidaje nawa ka hana kwana da yunwa, masu gidan suna zaginka a kai? Ba wanda ya ƙirga. Kai ma da ka iya lissafin ba ka rubuta wannan ba.

A cikin dawakin da suka ratsa hannunsa babu kamar Akawal, baƙin ingarman Alhaji Sharhabilu mai sayar da hatsi. Tun yana dukushi aka kawo shi, a turken kusa da bishiyar darbejiya ya girma, a nan ya tsufa. Da ciwon ajali ya kwantar da Alhaji, sai ya aika aka kira masa Baba Gwadabe da hantsi, ya sa kowa ya fita daga ɗakin.

Ya ce, "Malam Gwadabe, na san 'ya'yana, ba 'yan doki ba ne. Ka kuma san inda ake kai tsohon doki."

Ya sani mana. Wa bai sani ba? Tsohon doki a babbar mota ake cusa shi da 'yan'uwansa, kwana biyu a tsaye ba ci ba sha, har kudu, inda wuƙa ke jira.

"Kada ka bari Akawal ya hau mota. A turkensa nake so ya mutu."

"In Allah ya yarda, Alhaji."

"Na ji ta Allah. Kai fa, ka yarda?"

Baba Gwadabe ya ce, "Na yarda." Kwana huɗu tsakani aka yi jana'izar Alhaji.

Wata uku magada suna aiko da kuɗin abinci, daga nan shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: ambaliya ta shanye gonar Baba Gwadabe ta fadama, hatsi ya yi tashin gwauron zabo, tiyar geron da ake saye ɗari shida ta haura dubu biyu. Masu dawaki suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sayar, wancan ya sayar, har turaku biyar suka koma wofi, ɗan abin da ke shigo masa ya tafi tare da su. Akawal kaɗai ya rage, shi kuwa bai san an yi tsada ba, da safe sai ya ci.

Wata Asabar sai ga Haisam, babban ɗan marigayin, wanda ke aiki a Kano, ya zo da wani dillali. Dillalin ko haƙoran dokin bai duba ba, cinya ya dinga matsawa yana tsuke baki, kowa ya ga nama yake aunawa. Baba Gwadabe ya ji kamar shi ake matsa. Ya shiga ya fito da littafin.

Haisam ya ce, "Baba, in bashi ne, a ciki za a cire maka. Dokin nan gado ne, mu goma sha ɗaya ne a kansa."

"Ba bashi na fito karɓa ba, ɗana. Shafinsa nake so ka gani, shekara ashirin bai taɓa kwana da yunwa ba." Sannan ya faɗa masa abin da ya gudana a ɗakin mahaifinsa.

Haisam ya juya makullin mota a hannu. Yaron ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya, nauyi ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Ban ji wannan daga bakin Alhaji ba, amma ba zan ƙaryata ka ba. Zan shawo kan 'yan'uwana. Sai dai ko sisi ba za mu ƙara sa masa ba. In za ka iya ci da shi, ya zauna. Ran da ka gaji, ga lambar wannan bawan Allah."

Haka mutumin da ya hana rabin gari sayen doki ya wayi gari da doki a wuyansa, ba gona, ba albashi, ga mata, ga jikoki mata biyu marayu da ke hannunsu. Ya buɗe sabon layi a shafin Akawal ya sa masa suna, daga rumbun Gwadabe.

A tsakanin nan ne ido ya fara yi masa gardama. Rubutun da yake yi da hannunsa ya koma sai ya kai shi dab da hanci. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci, don abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. 'Yarsa Zaituna da ke aure a Garki ta sayar da awakinta uku ta aiko da kuɗin. Kuɗin suka iso da bazara, daidai lokacin da harawa ke ɓuya, damin da a kaka ake roƙon mutum ya saya ya zama sai mai rabo. A makon nan kuma cikin Akawal ya kumbura, ya dinga birgima, sai da aka ɗauko likitan dabbobi sau biyu.

Iya Talatu, matarsa ta shekara arba'in, ba ta san abin da ake ciki ba sai ran da ta ce, "Malam, yaushe za mu koma asibitin?"

"Sai an kwana biyu."

"Ina kuɗin Zaituna?"

Bai iya ƙarya ba, bai taɓa koya ba. Ya ɗaga hannu ya nuna mata rumfar harawa.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, idon naka ka ɗaure dami-dami ka jibge wa doki? Wanda ya yi maka alkawarin yana kabarinsa yana hutawa, 'ya'yansa na cikin sanyin mota, kai kuma ka makance? Wallahi dokin nan sai ya cinye mu ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Ba shi ya yi mini alkawari ba, ni na yi masa."

Ta yi kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba. Kuma wa zai ga laifinta?

Harawar ta kai su farkon damina, gero ne ya ƙare. Wata Lahadi da safe ya leƙa buhun doki ba komai, Akawal na haniniya yana kartar ƙasa. Ya tsaya, ya tsaya, sai ya lallaɓa ɗakin girki ya juye geron da Iya Talatu ta ajiye na tuwon rana a cikin tiyarsa. Ran nan jikokinsa jiƙaƙƙen ƙanzo suka ci, ƙaramar tana tambayar ko azumi ake yi. Da ya zauna kan turminsa ya zo rubutawa sai hannun ya tsaya. Da wane baki ya ce wa Malam Misbahu ya je ya sayi tumaki? Tiya uku mutumin ya taɓa ta dokin da babu shi, shi kuwa ga shi ya ɗebi rabon yara da hannunsa. Duk da haka ya rubuta, yadda abin ya faru, bai sassauta wa kansa ba. Gaba kura baya sayaki: in ya riƙe alkawari ya karya dokarsa, in ya riƙe dokarsa ya ci amanar mamaci. Da la'asar ya sa aka kira masa lambar dillalin, ya shiga gida ya ce, "Ran Alhamis mota za ta zo."

Iya Talatu ta samu abin da take so, amma ba ta ji daɗinsa ba. Tana kallon mijinta ya ƙi abinci, ya je ya jingina goshi a wuyan dokin, tsoho ɗan shekara saba'in yana kuka ba sauti. Ta san in motar nan ta tafi da Akawal, abin da za ta bar mata a gida ba mijin da ta sani ba ne. Litinin da safe ta naɗe littafin a cikin mayafinta ta fita, ba ta gaya masa ba.

Ta bi gidajen waɗanda sunansu ke ciki, mutanen da Baba Gwadabe ya shekara yana kwashe kashin dawakinsu. Kaico da halin mutane! Wannan ya ce, "Allah ya kawo mafita, Iya." Wancan ya aiko a ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Wani ya miƙa mata kuɗin adaidaita yana cewa, "Wai har yanzu dokin nan bai mutu ba?" Gida tara ta shiga cikin kwana biyu, abin da ta tara bai kai tiya huɗu ba. A shafin ƙarshe na littafin akwai sunayen waɗanda aka taɓa ba turken wofi. Ran Laraba ta haɗa kuɗin adaidaitan nan ta hau motar Taura, ba don tana sa rai ba, don dai kada ta zauna.

Malam Misbahu ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Iya, taso ki ga wani abu." A tsakar gidansa ga turken nan a kafe, ya yi santsi don daɗewa, ga buhu a jingine. Ashe bai taɓa cire shi ba. Da fushinsa ya huce sai ya ci gaba da zubawa, ba tiya ba, gwangwani guda kullum safiya, buhu ya cika ya ɗinke ya jingina wani. Da shi suke tsallake watannin da albashi ya makara, da shi ya kai babbar 'yarsa makarantar ungozoma.

Ya ce, "Dokina ya shekara goma sha biyu yana ci da ni, Iya. Bari yau ya ci da ɗan'uwansa."

Alhamis da hantsi motar dillali ta tsaya a bakin lungu. Baba Gwadabe ya riga ya wanke Akawal tas, ya taje masa geza, ya ba shi ruwa har ya ƙoshi, don ya san ba zai ƙara sha ba. Yana lalubar ƙullin igiya a jikin turke sai ga a-kori-kura ta kunno kai, Malam Misbahu a baya zaune kan buhu biyu. Ya diro ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, wannan na Akawal ne, wannan na yara. Duk wata kuma za ka gan ni."

Tsohon bai yi godiya ba tukuna. Ya shafa buhun ya ce, "Na yaranka fa?"

"Ba a taɓa rabonsu ba, Baba. Ai kai ka koya mini."

Sai a lokacin ya saki igiyar. Dillali ya yi ta mita a kan man da ya ƙona, ya ja motarsa ya tafi wayam.

Da tatsuniya ce da a nan za a ce ƙurunƙus, kowa ya tashi yana murna. Ba tatsuniya ba ce. Akawal ya ƙara wata biyar, ya mutu da kaka, lokacin da harawa ta cika gari har ana neman mai saye. Da safe Baba Gwadabe ya fito da tiyarsa ya same shi kwance a gindin turkensa, igiya a sake, jikin da sauran ɗumi. Maƙwabta suka taya shi haƙa rami a bayan duwatsu aka rufe shi. Sai bayan nan ya yarda aka mayar da shi asibiti, da kuɗin da Zaituna ta sake haɗawa. Likita ya haska, ya haska, ya ajiye fitilarsa ya ce, "Baba, kun makara." Na hagu ya tafi ɗungurungum, na dama haske da duhu kawai yake rarrabewa. Iya Talatu ta yi kuka har muryarta ta dishe, shi ne ma yake ba ta haƙuri.

Da za a rufe shafin Akawal, sai ya kira Malam Misbahu ya rubuta masa, tunda shi ba ya ganin layi. Suka zauna a gindin darbejiya, tsohon na faɗa daga ka, malamin na rubutawa, har ladan masu haƙa rami. Da aka zo ƙarshe Malam Misbahu ya riƙe biro ya kasa rufewa.

Ya ce, "Baba, ido fa? A wane layi zan sa shi?"

Baba Gwadabe ya ce, "Kul, kada ka ɗora wa dabba abin da ba ta ci ba. Wannan ba doki ya ci ba, alkawari ne ya ci. Rufe littafin."

Kai ne, Baba Gwadabe, mai tiyar da ba ta ha'inci, mai e guda ɗaya. Kai ne ka rubuta kanwar naira hamsin don kada ka cuci mai doki, ka ƙi rubuta idonka don kada ka cuci doki. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba a ba ka lambar yabo ba, waɗanda suka yi ado da wahalarka ma yawancinsu ba su leƙo ka ba. Abin da zafi, kuma ya kamata su ji kunya. Ke ma Iya Talatu, da kika tsine wa dokin nan da baki kika cece shi da ƙafa, Allah ya biya ki.

Yana nan a Limawa da ransa. Har yau da an sallame asuba yakan dogara sanda ya je barga, ya shafa turakun nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya zauna kan turminsa, sai dai ba littafi a cinya. Mai son doki in ya zo, har yanzu yana sassaƙa masa turke da lalube. Ku je ku gaishe shi tun yana jin muryarku, kada kuma ku je hannu rabbana. Wanda zai ɗauko nauyi, doki ne ko waninsa, ya fara kafa turken wofi ya gwada kansa. Wanda kuma ya riga ya ce wa wani na yarda, to ya tuna da tsohon nan kafin ya fara neman hanyar zamewa.

Mun gode, Baba Gwadabe. Allah ya musanya maka da hasken da ba ya dushewa, ya sa ran da ka haɗu da Alhaji Sharhabilu ka dube shi da ido biyu ka gaya masa: Akawal bai hau mota ba.